Dillali ya ce in tura kuɗi kafin gobe Litinin, ban ga mai gidan ba

Angon_Gobe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Aurena saura wata biyu da 'yan kwanaki, kuma tunda aka haife ni ban taɓa zaman haya ba, a gidanmu nake a cikin gari. Jiya Asabar da hantsi dillali ya kai ni wani falat a bayan Rijiyar Zaki, nan Kano. Ɗaki biyu da falo, kicin, banɗaki biyu, an shimfiɗa tayil, fenti sabo fil ko warinsa bai fita ba. Falat huɗu ne a cikin get ɗaya, biyu sama biyu ƙasa, wanda aka nuna mini na ƙasa ne. An ce dubu 700 a shekara. La'adar dillali kashi 10, dubu 70 ke nan. Takardar lauya dubu 35, sai wata dubu 50 wai ta ajiya ko da an yi ɓarna. Gaba ɗaya dubu 855. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban ga mai gidan ba, an ce ya yi tafiya. Dillali ya ce in tura rabin kuɗin a asusunsa a matsayin kafin alƙalami, domin akwai wani ma'aikacin banki da ya gani yana so, gobe zai biya. Wallahi gidan ya kwanta mini. In tura ko in dakata?

Ɗan_Kurna:
Wa alaikumus salam. Kada ka tura ko sisi. Wannan ma'aikacin bankin ai mun san shi, ni ma da na je neman gida shekara uku da suka wuce shi aka ce zai riga ni. Har yau bawan Allah bai tare ba.

Maman_Ilham:
Hahaha, mu likita aka ce mana. Allah ya sanya alheri ango, amma ka bi a hankali.

Bakatsine_Zalla:
Ni ba dariya zan yi ba, domin ni ya ci. Shekarar da aka tura ni aiki Kaduna na samu ciki da falo, na gani da idona, na shiga na fita, har famfo na murɗa. Na tura wa dillali kuɗin shekara cif, ya ba ni rasit mai hatimi da mukulli. Ranar da na zo da katifata a saman mota, na tarar da wani malami yana wanke ɗakin, shi ma da rasit ɗinsa, shi ma da mukulli. Kafin la'asar mun zama mu uku. Ashe mai gidan yana Legas, mukulli kawai ya bar wa wani ɗan unguwa ya riƙa share masa harabar. Mun yi zaryar ofishin 'yan sanda har takalmi ya suɗe, abin da na samu bai kai rabin kuɗina ba. Ganin gida ba shi ne ganin mai gida ba ɗan'uwa. Sunan da ke kan asusun da za ka tura kuɗi ya zama shi ne sunan da zai sa hannu a takarda.

Injiniya_Sabo:
Sun gama maka maganar kuɗi, ni bari in taɓa ginin. Sabon fenti ba laifi ba ne, amma a falat na ƙasa shi ne abin da ya fi tsorata ni, don shi ake rufa wa danshi asiri da shi. Ka koma ka tsuguna a gindin bango, kamar taku biyu daga ƙasa, ka shafa da tafin hannu. In ka ji sanyi, ko ka ga fentin ya ɗan kumbura kamar ƙurji, ka danna da farce. Idan ya ɓare ya zubo da farin gari kamar kanwa, ruwa na hawowa daga ƙasa, kuma babu fentin da zai tsayar da shi. Wannan bangon duk kayan katakon da aka jingina masa sai ya ruɓe ta baya.

Ka buɗe durowar kicin ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke ka sa hancinka. Ka ɗaga kai ka dubi silin na banɗaki, tunda akwai mutane a samanka, in bututunsu na yoyo za ka ga tabo kamar taswira ko an shafe shi. Ka zuba bokiti guda a masai ka ga yadda zai wuce, in ya tsaya yana tunani to sokawe ya cika ko ya kusa. Ka tambayi inda sokawen yake, da nisansa da rijiya ko bohol. Sannan ka fito waje ka dubi ƙofofin maƙwabta. Duk layin da ka ga kowa ya gina ɗan tudu na bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofarsa yana tsallakawa, ba ado suka yi ba, ruwa ne ya koya musu. Ka yi sa'a yanzu damina ce. Ka jira a yi ruwa mai ƙarfi ka hau mashin ka je a lokacin, ba tare da dillali ba.

Anti_Rabi:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai damina abu ɗaya take nunawa ta ɓoye ɗaya. Yanzu kowace rijiya a cike take. Ka tambayi yadda unguwar take a watan Afrilu da Mayu. Mu mun kama gida a watan Agusta muna murna da rijiya a tsakar gida, bazara na zuwa sai guga ta riƙa dawowa da laka. Wata uku muna sayen kura, kullum ni ce a bakin get da mayafi ina leƙen mai ruwa. Kai za ka fita aiki da safe, ita amaryar ce za ta zauna da wannan wahalar. Kada ka tambayi dillali, ka tambayi masu tura kurar ruwa na layin. In ka gan su da yawa suna kai da kawowa, ka riga ka samu amsa.

Angon_Gobe:
Na gode ƙwarai. Anti, akwai bohol da tanki biyu a sama, na gani. Na buɗe famfo ruwa ya zo.

Anti_Rabi:
To wa ke tayar da shi? Da wutar gwamnati ko da janareta ko sola? In injin ya ƙone wa zai gyara? Bohol ɗin da ba a san mai saya masa mai ba, kwalliya ce kawai ƙanina.

Mai_Wayarin:
Tunda an zo maganar wuta. Ka tabbata falat ɗinka da mitarsa shi kaɗai, ta kati. Mitar haɗaka ita ce uwar rigima, wani na da firiza biyu da abin dumama ruwa, kai kana da fanka da ƙwai uku, a ce a raba daidai. In mitar taka ce, ka ɗauki lambarta ka sa mata katin dubu ɗaya ka ga yunit nawa za ta ba ka. Akwai mitar da wanda ya tashi ya bar bashi a kanta, kana sa kati ana zaftare wani abu. Sannan ka san rukunin da layin yake. Hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta kasa layukan wuta rukuni biyar, daga A zuwa E. Na A aka ce aƙalla awa 20 a rana, na B 16, na C 12, haka har ƙasa. Tun watan Afrilun 2024 yunit ɗaya a rukunin A ya haura naira 200. Wasu murna suke in an ce musu gidan na kan layin A, sai ƙarshen wata su gane kuɗin wuta ya zama haya ta biyu. Ka kuma tambayi mai shagon layin yaushe rabon da taransifoma ta lalace, kuma nawa aka karɓa a kowane gida.

Dillali_Na_Allah:
Salamu alaikum. Na ga tun ɗazu ana ta yankan naman dillalai, to ga ɗaya ya zo. Shekarata 14 a wannan sana'a. Ba na kare ɓata-gari, akwai su, kamar yadda suke a kowace sana'a. Amma ku riƙa yi mana adalci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ku lissafa abin da mashin ke sha in na zaga da mutum gida biyar a yini. Mutum goma za ka kai, tara su ce za su yi shawara, ba za ka ƙara jin ɗuriyarsu ba. Wani ma ya zagaye ka ya koma wurin mai gida da daddare don kada ya biya la'ada. Ita kuma dubu 70 da kuke gani, sau da yawa mu uku ko huɗu ne a kanta: wanda mai gida ya ba wa, da wanda ya ji a wurinsa, da wanda ya kawo mai nema. Kuma maganar wani zai riga ka ba kullum ƙarya ba ce, falat mai kyau a wajen Rijiyar Zaki, Janbulo ko Tudun Yola ba ya sati a ƙasa, saboda ma'aikata da malaman jami'a.

Amma ango, gaskiya ɗaya ce. Rabin kuɗi ba kafin alƙalami ba ne. Kafin alƙalami ɗan abu ne da za ka iya haƙura da shi, a bayar a gaban shaidu, a rubuta. Ni ban taɓa karɓar kuɗin haya a asusuna ba, la'adata kawai. Mai gida ko yana Makka ai yana da waya. Ka ce a haɗa ku, ka ga fuskarsa a bidiyo.

Ɗan_Kurna:
@Dillali_Na_Allah to kuɗin gani fa? Dubu biyar kafin a buɗe maka ƙofa, ka shiga ka tarar da kango. Na biya sau huɗu kafin na samu inda nake.

Dillali_Na_Allah:
Malam kuɗin mai ne. In ka zo da motarka ka ɗauke ni, ba na karɓa. Wanda ya karɓi kuɗinka ya kai ka gidan da ya san an riga an bayar, wannan shi da Allah.

Barista_Hauwa:
Angon_Gobe, dubu 35 da aka ce ta lauya, ka tambaya wane lauya, kuma ka karɓi takardar ka karanta kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Sau da yawa takarda ce guda da ake ta yi wa hoto ana sauya suna. Kuma ka sani lauyan mai gida ne ya rubuta ta, ba don kai ya rubuta ba, ko da kuɗinka aka biya shi.

Abubuwan da nake fara dubawa in an kawo mini irinta: ranar da haya ta fara. In ka biya yau amma sai bayan wata guda za a gama gyara a ba ka mukulli, to lissafi ya fara daga ranar mukulli, a rubuta haka. Sai wa ke da gyaran me. Rufi, sokawe, bohol, katanga na mai gida ne a al'ada, ƙwan fitila da kan famfo naka. In ba a rubuta ba ranar da abu ya lalace kowa zai ce ba shi ba. Sai ƙarin kuɗi, wata nawa kafin shekara ta ƙare za a sanar da kai. Sai kuɗin ajiya, yaushe za a dawo da shi kuma me za a iya cirewa. Ranar da ka karɓi mukulli ka ɗauki bidiyon kowane lungu, duk tayil da ya tsage da ƙofar da ba ta rufuwa, ka tura wa mai gidan ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna.

Maganar notis na tashi daga gida kuma, kowace jiha da dokarta. A Abuja da Legas, mai biyan shekara-shekara wata shida ake ba shi idan takarda ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata wata ɗaya, bayan nan a ƙara masa kwana bakwai kafin a tafi kotu. Ku lura da wannan “idan”. In ka sa hannu a kan notis na wata ɗaya, ka sa hannu ke nan. Kuma in wanda zai karɓi kuɗi ba shi ne mai gida ba, ya nuna takardar wakilci.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya saka wa Barista da alheri. Mutanenmu suna jin nauyin cewa a rubuta, wai kamar rashin yarda ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abu na biyu, Larabawa na cewa maƙwabci kafin gida. Mutum uku za ku haɗa get da su. Ka je ka yi sallar magariba a masallacin layin, ka gaisa da liman, ka nemi mai unguwa. A zama ɗaya za ka ji na wane ne gidan da dalilin tashin wanda ya tashi. Ka kuma duba inda masai ya fuskanta, masu gini da yawa yanzu ba sa lura da alƙibla.

Alhaji_Baban_Haya:
Ni mai gidan haya ne, ƙofa shida gare ni, da kuɗin sallamata na gina. Yaro, duk mai gidan da ya san zafin kuɗinsa shi ne zai fi ka son ku haɗu. Ni ba na ba da mukulli sai na zauna da mutum, na san sana'arsa, na san wanda ya san shi. In an ce maka mai gida ba ya ganuwa kuma ba ya jin waya, akwai lauje cikin naɗi.

Kuɗin ajiya kuma da kuke ƙorafi, ku zo ku ga abin da ake bar mana. Na ƙarshe da ya tashi, ya fasa bango ya sa na'urar sanyaya ɗaki ya tafi da abarsa ya bar mini rami, yara sun zane falo da biro har inda hannunsu ya kai, an toshe masai da ƙunzugun jarirai. Dubu 50 ko fenti ba ta yi ba. Da na fara ginin nan buhun siminti bai kai dubu uku ba, ku je kasuwa yau ku tambaya.

Maman_Ilham:
Baba Allah ya ƙara girma, amma akwai masu gidan da ko ka lashe tayil da harshe ba za su dawo da kuɗin ajiyar ba. Mu sai da aka ce wai labule ya bar huda a bango. To da me za a rataye shi?

Nas_Zee:
Ku dai da kuke da aure a gaba ku gode wa Allah, aƙalla ana nuna muku gidan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, an yi mini canjin wurin aiki zuwa garin da ba ni da kowa. Gida bakwai na gani, ana jin ba ni da aure sai a ce an riga an bayar. Ɗaya ya ce in kawo mijina, na ce babu, ya ce to in kawo wanda zan aura. Sai da yayana ya yi tafiyar awa biyar ya zo ya zauna a gabansa, aka rubuta takarda da sunansa, ni da nake biya da albashina na koma 'yar rakiya.

Tuzurun_Hotoro:
Anti ba ku kaɗai ba. Mu ma ana jin gwauro ne sai fuska ta canja. Ni sai da na yi alƙawarin ba mai shigo mini bayan isha'i, har ƙanina.

Alhaji_Baban_Haya:
'Yata ki yi haƙuri, ba ƙiyayya ba ce. Unguwa ce ke sa mu a gaba. Abu kaɗan ya faru, ƙofata za a buga, ba ta dillali ba.

Nas_Zee:
Baba na fahimta, amma mai aikin dare a asibiti a ina ake so ta kwana? Ma'auratan da ke samana su ne kullum ake raba faɗa, ni ko baƙuwa ban taɓa yi ba.

Sarkin_Yaƙin_Gida:
Ni tambayata daban ce. Ango ka ce gidanku na cikin gari. Babu ɗaki ko fili a ciki? Dubu 855 in ka zuba ta a bulo da kwano ka tayar da ciki da falo naka na kanka. Haya kuɗin da ka jefa a rijiya ne, shekara na zagayowa kamar jiya ka biya. Iyayenmu duk a gidan gado suka tare, ba su mutu ba.

Maman_Ilham:
Ba su mutu ba, amma ka tambayi iyayenmu mata abin da suka haɗiye. Amarya da uwar miji da facaloli da ƙannen miji a murhu ɗaya? Bar shi ya kama hayarsa, zumunci ya fi daɗi da 'yar tazara.

Sarkin_Yaƙin_Gida:
Tazarar da ake biya wa dubu 700 duk shekara, Hajiya.

Angon_Gobe:
Yaya, gidanmu mu 19 ne a ciki, ɗakin da nake kwana mu uku ne. Ko akuya ba ta da wurin ɗauri. Kuma sharaɗin iyayenta ne tun ranar gaisuwa.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Maganar zaman gidan gado a buɗe mata nata zauren, mun san ba ta ƙarewa.

Abu_Nima:
Gaisuwa daga Ankara. Ku da ake karɓar muku shekara ɗaya kuna cikin ni'ima. Nan Gana, a Nima ko Mamobi ko zangon Kumasi, mai gida shekara biyu zai ce ka ajiye, wani har uku. Alhali dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da wata shida, kuma akwai ofishin gwamnati na sasanta rigimar haya. Amma in ka kawo maganar doka sai ya ce to je ka doka ta ba ka ɗaki. A 2023 gwamnati ta fito da shirin biya wa mutum kuɗin a dunƙule shi kuma ya riƙa biya wata-wata. Wanda ya ajiye kuɗin shekara biyu kuma ya tarar rufi na yoyo, ina za shi?

Barista_Hauwa:
@Abu_Nima haka take a Legas. Dokarsu ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma in gida ya yi ƙaranci, mai nema da kansa ke roƙon a karɓi biyu.

Ɗan_Maraɗi:
Mu nan Nijar wata-wata muke biya, sai dai farkon shiga a ce ka ba da na wata biyu ko uku gaba, da kuɗin ajiya. Ni a Yamai nake, jika 60, wato sefa dubu 60, nake biya duk wata. Sauƙinsa in gida bai yi maka ba ba ka daɗe a ɗaure ba, wahalarsa kuma kowane ƙarshen wata mai gida na bakin ƙofa. Abin da Injiniya ya faɗa na ruwa ku riƙe shi da kyau. Daminar 2024 a Maraɗi mun ga abin da ba mu taɓa gani ba, gidajen da ke cikin kwari su suka fara tafiya.

Yerwa_Boy:
Mu a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, yanzu ko yaro ya je ganin gida tambayar farko ita ce ruwa ya zo nan? Har yau akwai bangon da za ka ga layin inda ya tsaya.

Ɗalibi_A_Ingila:
Nan Ingila tun 2019 aka hana dillalai karɓar la'ada daga hannun mai neman haya, mai gida ke biyansu. Kuɗin ajiya kuma ba ya wuce hayar sati biyar a yawancin gidaje, kuma dole sai an yi masa rajista a wani tsari na musamman.

Ɗan_Kurna:
To Bature, a turo mana dokar a jirgi. Mu nan Rijiyar Zaki muke.

Hajiya_Mai_Jere:
Duk kun manta abu ɗaya, kuma shi ke kawo kuka ranar jere. Ango ka je da igiyar awo. Ka auna ɗakunan, ka auna faɗin ƙofa da lungun shiga, ka tura wa dangin amarya tun kafin kafinta ya gama. Na je jeren da gado da sif suka ƙi shiga, aka kwance ƙofa har da firam ɗinta, gwaggon amarya na zaune a tsakar gida tana faɗa wa dangin ango maganar da har yau ba a manta ba. Falon da ka gani fanko yana da girma a ido, sa masa kujeru saiti guda da teburin cin abinci ka gani. Sannan ina za ta yi shanya? Na sama suna hango tsakar gidanka? Taga na kallon yamma? In haka ne ɗakin zai zama tanda daga azahar. Kuma don Allah ka kai wata babba daga danginta ta gani kafin ka biya. Abin da idon mace zai gani a minti biyar, kai sai ka kwana uku ba ka gan shi ba.

Tuzurun_Hotoro:
A ƙara da sabis na waya. Ka shiga can cikin uwar ɗaka ka kira wani. Ni sai na fito bakin get nake amsa kira. Kuma ka je da daddare, ka ji ko akwai injin markaɗe ko gidan biki a bayan katanga.

Angon_Gobe:
Salam jama'a, ga yadda aka yi. Ban tura ba. Daren Litinin aka yi ruwa sosai, da asuba na hau mashin na tafi ni kaɗai. Layin ya cika har ƙauri, sai da na ajiye mashin a bakin titi na naɗe wando. Amma cikin get ɗin ruwa bai shiga ba, an ɗaga harabar. Wanda ke sama ya buɗe mini, mutumin kirki, malamin makaranta ne. Ya ce bohol na da ruwa har bazara, karo-karo suke yi duk wata su sayi mai. Mita kowa da tasa. Da dillali ya zo da mukulli na yi abin da Injiniya ya ce, bangon falo lafiya lau, amma a ɗaki na biyu, ta gefen da ke jingine da banɗaki, na danna farce fenti ya ɓare, garin nan fari ya zubo.

Babbar maganar kuma a wurin mai shayin bakin layi na ji ta. Mai gidan ya rasu bara, gidan na magada ne, ba a raba ba. Wanda aka ce ya yi tafiya babban ɗansa ne, kuma yana gari. Mai unguwa ya haɗa ni da shi, mun zauna jiya. Ya ce shi ke karɓar haya da yawun sauran, ya yarda zai gyara bangon, ya kuma sauko zuwa dubu 650. Bai ma san an ce in tura rabi a asusun dillali ba, ransa ya ɓaci. Yanzu kaina ya ƙara kullewa.

Barista_Hauwa:
Gidan magada ba haramun ba ne, amma “da yawun sauran” a baki bai isa ba. Ya kawo takardar da sauran suka sa hannu cewa shi ne wakili, ko ta kotun da ke riƙe da rabon. Kuma a rubuta cewa in an sayar da gidan ko an raba, hayarka na nan har ƙarshen wa'adinta.

Bakatsine_Zalla:
Ni dai in ni ne na gudu. Ranar da za su yi faɗa a kan rabo, kai da amarya ne a tsakiya.

Alhaji_Baban_Haya:
Rabin gidajen hayar garin nan na magada ne, in za a guje su sai a kwana a titi. Tunda mai unguwa ya san da maganar, ya sa hannu a matsayin shaida, ka biya.

Injiniya_Sabo:
Bangon nan ba fenti zai sake ba. Tunda ta gefen banɗaki ne, mai yiwuwa bututu ne ke tsiyaya a ciki, wannan da sauƙi. A fasa a gyara, a bar shi ya bushe, ka gani da idonka kafin kuɗi su fita. In ya ce ka biya tukuna da kuɗin za a yi gyaran, to a cire kuɗin gyaran ka riƙe a hannunka.

Anti_Rabi:
Ni layin da ruwa ke kaiwa ƙauri ne bai kwanta mini ba. Ranar da take da ciki wata tara aka yi irin wannan ruwan da tsakar dare, wace mota ce za ta shigo?

Dillali_Na_Allah:
In ka fasa ka yi mini magana, akwai wani a Ɗanbare, sama ne, titi har ƙofa.

Hajiya_Mai_Jere:
Ka auna ɗakunan kuwa?

Angon_Gobe:
Na auna Hajiya, na tura musu. Gwaggonta za ta je gani ranar Alhamis, shi kuma ya ce zai kawo takardar 'yan uwansa ranar Juma'a, sai dai ɗaya tana aure a Gusau sai an aika mata.

Ɗan_Kurna:
Ango, ma'aikacin bankin fa? Yau Laraba.

Angon_Gobe:
Na tambayi dillali. Ya ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa Dutse.